Dutsen da Na Aike Shi Ya Ɗauko

Arlit, Laraba 8 ga Shawwal

Zuwa ga Yayana Nomau, a Tahoua.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kun yi Salla lafiya, kai da iyali, da Inna Mairamu da ƙafarta mai ciwo. Mu nan jiki lafiya, alhamdu lillahi. Sauran kuwa shi ne dalilin wannan takarda.

Yaya, yau kwana goma surukinka yana tsare a hannun soja.

Ka san tun da kamfanin uraniyom ya rage ma'aikata bara, babbar motar kaya ta Alhaji Hamadi yake tuƙawa tsakanin Agadez da nan. Yanzu mota ba ta tafiya ita kaɗai saboda 'yan tawaye, sai a ayari, soja gaba soja baya, Lahadi da Alhamis. Ranar Lahadin da ta gabaci Salla suna dawowa, wata mota ta lalace, ayari ya tsaya kamar tafiyar awa biyu daga nan, wurin da aka tsaga dutse aka fitar da kwalta ta tsakiyarsa. Ban gani da idona ba. Mano direba, wanda zai kawo maka takardar nan, shi ke bayansa a layi, shi ya ba ni labari. Ya ce maigida ya sauka da ƙarfen cire taya da buhu, ya zaga bayan lanƙwasar hanya. Can soja biyu suka iske shi a durƙushe a gindin dutsen, taku uku daga kwalta, yana haƙa. Kwana shida kafin nan nakiya ta tashi da wata mota a hanyar, mutum huɗu suka rasu. Ba'abzine da rawani, ga ƙarfe a hannu, ga rami a bakin hanya. Ba sai na ƙarasa maka ba.

Abin da ban faɗa wa kowa ba sai kai: ni na aike shi.

Shekarun baya ya taɓa tuƙa wani Nasara mai binciken duwatsu. Nasaran ya tsayar da shi a wurin nan, ya nuna masa kawa a jikin dutsen, wannan abin ruwa mai ɓawo biyu da masunta ke fiddawa daga kogi. Ya ce dubbai ne manne da juna, duk sun zama dutse, wai teku ce a nan tun zamanin da Allah kaɗai ya san lissafinsa. Maigida ya kawo mini guda, faɗin tafin hannuna. Tana cikin gwangwanin da nake ajiye allura da carbi.

Ka san ina karantar da mata bayan la'asar. Bana fari ya koro mana baƙi daga daji, suna zaune a bukkokin kwali a bakin gari. A cikinsu akwai Dassin, wata Ba'abziniya wadda awakinta suka ƙare sai biyu. Wata rana ta ajiye allo ta ce, "Malama, ƙasar nan ya mutu. Allah ya manta da shi." Sai na ɗauko kawar, na ce ta duba: wanda ya kwashe teku daga nan ya bar shaidarta a dutse, bai manta da wurin ba, kuma ruwan sama ba zai gagare shi ba. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce, "Wannan kasuwa mijinka ya saya, ya yi maka wayo." Matan suka yi dariya, na yi tare da su, don an daɗe ba a yi ba.

Amma kada in ɓoye maka, raina ya sosu. Na so in ƙarfafa mata zuciya, gaskiya ne, na kuma so in ci gardama. Na ce wa maigida ya ɓalgato mini babba, mai kawa da yawa tare da dutsensa, wanda ba mai cewa saye aka yi. Ya ce hanya ba kyau yanzu. Na ce ai ko minti biyar ba za ka yi ba. Wannan maganar tawa nake ji a kunnena har cikin salla.

Kai ka yi aikin soja, ka san halinsu. Yaya zan yi? Ina kai abinci bariki kullum, suna karɓa, ba su bari in gan shi.

Ka gaida kowa. Kada a faɗa wa Inna tukuna.

Ƙanwarka, Sa'a

*

Tahoua, 12 ga Shawwal

Sa'a,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya. Takardarki ta iso, sau biyu na karanta, na biyun a tsaye.

Ki saurare ni. Ki rufe bakinki. Shekara goma sha biyar na yi cikin kaki, na san abin da mutum ke ji in abokinsa ya tashi da nakiya. Ba labarin teku yake son ji ba. Teku a Arlit, inda ake bin layi don tulu guda? Za su yi dariya, in sun gama su ƙara mashi kwaɗo, su ce har matar tana cikin shirin.

Abu na fari, ki bincika mi mijinki Ghissa ya ce masu da bakinshi. Duk abin da ya ce, shi ne maganarki. Mutum biyu baki ɗaya, haka ake fita daga irin wannan.

Na biyu, ina ƙanenshi Illi yake? Kin yi shiru a kanshi. In har abin da na ji gaskiya ne, cewa ya hau duwatsu wurin mutanen nan, to soja ma sun sani.

Ban taɓa ƙin Ghissa ba, ke shaida ce. Mutum ne da in ya ranci igiya sai ya maido ta a naɗe. Amma namiji mai furfura shi tsaya haƙar dutse cikin ayarin soja don matarshi ta ci gardamar makaranta, ban san wanda zan fara yi ma faɗa cikinku ba.

In abu ya yi tsanani ki tahi Agadez wurin ɗiyarki 'Yargata, ko ki taho gida. Ɗakinki yana nan, albasa ce kawai ciki, sai in kwashe.

Yayanki, Nomau

*

Arlit, Asabar 18 ga Shawwal

Zuwa ga Yaya Nomau.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Na ji faɗanka, na karɓa, na cancanci fiye da haka.

Maganar Illi gaskiya ce. Wata bakwai ke nan da ya tafi, bai yi sallama da kowa ba. Na yi shiru ne don ban san hannu nawa takarda ke bi ba.

Na bincika yadda ka ce. Alhaji Hamadi ya samu ganin ajidan, wato hafsan sojan da ke riƙe da maganar. Abin da maigida ya ce musu shi ne, wai ya zaga ne don biyan buƙata, yana neman dutsen tsarki. Suka ce, da ƙarfen taya? Da buhu? Ya ce dutsen wurin yana da tauri. Tun ranar bai ƙara ba bai rage ba. Ka san Abzinawa, namiji ba ya ambaton matarsa a gaban baƙin maza, balle ya ja ta zuwa bariki. Ya gwammace su ce masa maƙaryaci.

Na tambaya ko sun duba ramin. Alhaji ya ce sun duba, ba su ga nakiya ba, suka ce bai kai ga sa ta ba ne aka kama shi. Na ce dutsen fa, sun dube shi? Ya ce, "Malama, wa ke duba dutse a Arlit?"

Ga inda aka tsaya. Ajidan ya ce in mutum biyu masu mutunci suka dafa Alƙur'ani cewa maigida ba shi da wata alaƙa da wurin nan, bai taɓa ambatonsa ba, tsayawar ranar ce kawai ta kai shi, to zai sake shi. In ba haka ba, ayarin Alhamis mai zuwa zai tafi da shi kudu tare da wasu, kuma waɗanda aka tafi da su bara har yau iyalansu ba su san garin da suke ba. Alhaji zai rantse da zuciya ɗaya, don iyakar saninsa ke nan. Na biyun ni ce. Ya yi murna har yana tafa hannu, ya ce wa zai ƙi rantsuwar Malama.

Yaya, ni na san yana da alaƙa da wurin. Shekara tara yana ba ni labarinsa.

Na juya maganar ta kowace fuska. Na nemi kalmar da zan faɗa ta zama gaskiya a bakina ta zama wani abu a kunnensu, sai na ji kunyar kaina, don wannan ma yaudara ce da hannu a kan Littafi. Baba ya buge mini hannu ina 'yar shekara bakwai don na ce wallahi a kan ƙosai. In na faɗi gaskiya kuma, na ƙaryata mijina a gaban masu tsaronsa, na rushe hanya guda da aka buɗe masa.

Jiya na karanta wa mata shafi ɗaya sau biyu ban sani ba. Dassin ta zo da nonon akuyarta a ɗan kwano, ta ajiye ta zauna. Ba ta san ita ce mafarin abin ba, kuma ba zan faɗa mata ba, don ba laifinta ba ne.

Ka sa mu a addu'a. A gaida Inna.

Ƙanwarka, Sa'a

*

Tahoua, Talata 21 ga Shawwal

Sa'a,

Gaisuwa. Ba ni da lokacin tsawaitawa, Mano yana ɗaure kaya.

Ki rantse. Ki rantse ki fiddo mijinki, daga baya ki yi azumi, ki ciyar da miskinai, ki yi kuka gaban Ubangijinki. Shi yana yafewa. Waɗancan ban sani ba. In akwai zunubi ki ce yayanki ya tilasta maki, na ɗauka.

Na san ba za ki ji ba. Tun kina ƙarama haka kike, murya ƙasa-ƙasa, kai kamar turmi.

Wani abu kuma. Tun da na karanta takardarki ta fari yake damuna. Kin tuna tudun bayan gonar Baba, inda muke tsintar duwatsun dara masu zane kamar haƙarƙari? Jiya na tahi can da kaina, ni da tsufana, mutane na kallo. Ga guda cikin ƙullin tsumman nan. Ban ce teku ba ce. Na dai ce ki duba.

Yayanki, Nomau

*

Arlit, Laraba 22 ga Shawwal

Zuwa ga Yaya Nomau.

Assalamu alaikum. Ban samu amsarka ba, kuma lokaci bai bar ni in jira ba. Ka yafe mini, na saɓa maka.

Yau da hantsi muka je bariki ni da Alhaji Hamadi. Ajidan mutum ne dogo, ɗan bakin kogi daga wajen Gaya, idonsa ja don rashin barci. An ajiye Alƙur'ani a kan tebur. Ya ce, "Malama, kina da alwala?"

Na ce, "Ina da ita, ranka ya daɗe. Amma abin da aka shirya in rantse a kai ba haka yake ba."

Ban iya kallon Alhaji ba. Na buɗe gwangwanina na ajiye kawar, na faɗi komai tun daga Nasara har zuwa minti biyar. Wani soja a bakin ƙofa ya ce, "Teku? Hajiya, a nuna mana wajen wanka mana, zafi ya ishe mu." Suka yi dariya yadda ka ce za su yi.

Ajidan bai yi ba. Ya ɗauke ta, ya karce ta da farce, ya auna nauyinta a hannu. Ya ce, "Kawa ce. Na ci ta har na gaji ina yaro. Amma tamu ba ta da nauyi haka." Sai ya ce a kawo maigida.

Yaya, sun cire masa rawani. Shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa ganin bakinsa a buɗe a gaban maza ba. Na sunkuyar da kai don kada ya ga na gani. Ya rame ƙwarai.

Ajidan ya ce, "Matarka ta ce ita ta aike ka."

Ya ce da Hausarsa ta Abzinawa, "Mata ba ya cikin wannan magana. Ya koma gida."

"Ita ta aike ka ko ba ita ba?"

"Ya koma gida."

Ajidan ya dube ni ya ce, "Kin ga abin da kika yi? Da ina da labari ɗaya maras kyau, yanzu ina da biyu, kuma dole ɗayanku ƙarya yake. Wannan abin kowa na iya saye a hannun masu sayar wa Nasara tsarabar daji. Ke kin taɓa ganin wurin?"

Na ce ban taɓa ba.

Sai ya ce gobe ayari zai bi ta wurin, mijina yana motar baya. Ni zan shiga motar gaba tare da shi. Zai tsaya minti goma. Ba za a sauko da maigida ba, kada ya nuna mini. In na nuna masa kawa a jikin dutsen, a daidai ramin, zai san abin da zai rubuta. In ban nuna ba, ni in sauka a Agadez, shi ya wuce.

Alhaji ya rako ni har ƙofar gida. Ya ce, "Malama, da hannunki kika rufe masa ƙofa. Allah ya sa kin san abin da kike yi."

Ban sani ba, Yaya. Abin da ya fi motar gaba tsorata ni shi ne wannan. Ni da nake gaya wa mata kada su faɗi abin da ba su gani ba, shekara tara ina faɗin teku a kan maganar mutum ɗaya. In Dassin ce ke da gaskiya fa? In ya saya ne tun farko don ya faranta mini, ya ji kunyar faɗa? To me yake haƙa ranar? Illi ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na rubuta wannan, na so in goge, na bar shi don ka san irin matar da ƙanwarka ta zama a kwana ashirin da huɗu.

Zan ba wani fasinjan Tahoua takardar nan a wata mota cikin ayarin, ba zan riƙe ta a jikina ba. In wani abu ya faru, allunan mata suna bayan ƙofa, a mayar wa kowa nata.

Ka yafe mini abin da na yi maka tun ƙuruciya.

Ƙanwarka, Sa'a

*

Agadez, Asabar 25 ga Shawwal

Zuwa ga Yaya Nomau.

Assalamu alaikum. Ina gidan 'Yargata, lafiya lau, ita da mijinta suna gaishe ka. Na haɗu da Mano a tasha, ya ba ni takardarka da ƙullin. Na gode da zunubin da ka ce za ka ɗaukar mini. Ajiye ƙarfinka.

Motar gaba an shimfiɗa mata buhunan yashi a ƙasa, ba wanda ya gaya mini dalili, ban kuma tambaya ba. Awa biyu muna tafiya. Duk inda kwalta ta fashe sai direba ya rage gudu, kowa ya zuba wa wurin ido.

Da muka isa na sauka. Dutse ne ja-ja, ya fi soro biyu tsawo, dama da hagu. Na duba sama, na duba daidai fuskata, na shafa da hannu. Babu komai, Yaya. Dutse kawai. Na je gaba na dawo. Motoci talatin a tsaye, kowa yana kallona, ajidan yana duba agogo.

Sai na tuna Mano ya ce a durƙushe aka same shi. Na ce a nuna mini ramin, na durƙusa a gabansa. Ƙura ta rufe komai. Butar alwalata tana hannuna, na zuba ruwan a jikin dutsen.

Suka fito. Ɗaya a kan ɗaya, a cuɗe, wasu a rufe, wasu baki buɗe, manya da ƙanana, kamar an kwaɓa su cikin ginin. Daga gwiwa zuwa ƙasa suke, layi guda, ya bi gindin dutsen har inda idona ya tsaya. A cikin ramin kuwa ga wani falle da aka sassare ta gefe uku, sawun ƙarfen taya yana nan, saura gefe ɗaya ya ɓalle.

Ajidan ya tsuguna. Ya bi layin a sunkuye wajen taku arba'in, yana zuba ruwan gorarsa. Sojan nan mai neman wajen wanka ya ɓalli ƙarama ya sa a aljihu, ya ce ta 'yarsa ce. Ajidan ya dawo ya ce a ba shi ƙarfe. Shi da kansa ya sare gefe na huɗun, ya ce a sa mini a mota.

Ya ce, "Sakinsa ba ya hannuna yanzu, sunansa ya riga ya shiga takarda. Amma a Agadez zan sauke shi, ba zai wuce ba, kuma zan rubuta abin da na gani."

Ban iya tashi nan da nan ba. Ba don teku ba. Ina kallon sawun ƙarfen ne, yadda ya bi gefen a hankali don kada ya fasa mini ko guda. Na nemi gafarar Allah a kan zaton da na rubuta maka. Shi kuma zan nemi tasa da bakina in an ba ni shi.

Yau kwana biyu, ba labari. An ce babbansu ya yi tafiya. Na ba da sabon rawani a kai masa, ban sani ba ko ya isa.

Dutsenka na dara na ɗora shi kusa da nawa. Ba iri ɗaya ba ne, amma 'yan gida ɗaya ne.

A gaida Inna. A ci gaba da addu'a.

Ƙanwarka, Sa'a

*

Agadez, 4 ga Zulƙida

Yaya, assalamu alaikum. Wannan ba tawa ba ce. Shi ya faɗa, ni na rubuta, ya ce kada in gyara masa ko kalma.

Nomau, ina gaisuwa. Ni ne Ghissa. Jiya sun sake ni. Rawani yana kaina. Ƙarfen taya ba su ba ni ba.

Ƙanwarka ba ya jin magana. Na ce ya koma gida, ya shiga motar gaba. Na yi fushi da shi, ban gama ba, sai mun kai Arlit zan ƙarasa.

Dutse yana nan, nauyi kamar ɗan akuya, ni ne mai ɗauka. Ya ce sai Dassin ya gani. Na ce to. Amma in Dassin bai yarda ba wannan karo, ya hau mota ya je ya duba da kansa.

Ka gaida Inna. Yanzu a faɗa masa.

Surukinka, Ghissa